Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kamfanoni da Manyan 'Yan Kasuwar Garwa Kan Muhallin Ma'aikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da hajiyoyi, iyayen gidanmu, shugabannin masana'antu, masu gidajen burodi da gidajen mai, masu makarantu da asibitocin kuɗi, masu manyan motocin dakon kaya, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a dukiyarku. Muna gaishe ku gaisuwar ƙanana ga manya.

Masu wannan takarda wakilan ma'aikata ne daga wuraren aiki daban-daban na Garwa, tare da akawu masu lissafin albashi da magina waɗanda suka san ƙasar garin nan. Muna magana da yawun mai gadin da ke karɓar aiki da magariba, da mai kwaɓa fulawa da ke shiga gidan burodi tun kafin kiran sallar farko, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da leburan da ake ɗauka lokacin gurzar auduga, da malamin makarantar kuɗi. Dukansu damuwarsu ɗaya ce: inda suke iya biyan haya ya yi nisa da inda suke aiki, kuma nisan yana cinye albashin.

Ku dubi kuɗin hanya tukuna. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda 'yan acaɓa suka daɗe suna dogaro da shi, shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A cikin wannan tsakanin, an ɗaga mafi ƙarancin albashi a watan Maris na 2023 daga 36,270 zuwa 60,000 ga yawancin ma'aikatan kamfanoni, 45,000 ga na harkar noma. Ƙarin ya yi amfani, amma ga lissafi. A ɗauka mutum yana zaune a bayan gari, ɗan acaɓa yana karɓar 400 zuwa, 400 dawowa. A kwanakin aiki 26 ya kashe 20,800, fiye da kashi ɗaya cikin uku na 60,000, bai biya haya ba, bai auni hatsi ba. Wanda zai fito daga Pitowa ko ya ƙetaro gadar Binuwai daga ɓangaren Bokle zuwa Jambutu, unguwar masana'antu, nasa ya wuce haka. Wanda ya tashi aiki ƙarfe goma na dare kuwa, farashin da ɗan acaɓa ya yanka shi zai biya, in ma ya samu babur ɗin.

Abin da ke biyo baya kuna ganinsa a littafin sa hannu. Daga ranar 20 ga wata makara take yawaita, saboda kuɗin babur ya ƙare, mutane sun koma tafiyar ƙafa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai tafiyar awa ɗaya a ƙasa yana isowa a galabaice, sannan a tsayar da shi gaban inji. Ku leƙa bayan sito da asuba, za ku tarar da kwali a shimfiɗe, da buta, da riga a rataye jikin ƙusa: wani ne ya kwana a nan saboda komawa gida da dawowa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ba a son kwanansa a wurin, shi ma ba ya so, iyalinsa suna can su kaɗai.

Za a ce to ya matso kusa mana. Abin da ke hana shi shi ne kuɗin shiga. Masu gidaje a unguwannin cikin gari irin su Yelwa, Rumde Ajiya da Pumpumre sukan nemi hayar wata uku, wasu wata shida, a dunƙule, ga na dillali. Ɗakin 15,000 a wata ya zama 90,000 a rana ɗaya, albashin wata ɗaya da rabi cur. Mutumin nan zai iya biyan 15,000 kowane wata, tunda yana ba ɗan acaɓa fiye da haka. Dunƙulen ne ba shi da shi, kuma mai gida bai san shi ba balle ya yarda da shi. Tun da aka buɗe Jami'ar Garwa a 2022, ɗalibai da malamai ma sun shigo neman ɗakunan nan, mai gida ba ya rasa wanda zai ba.

Wanda ya gaji da haya sai ya nemi fili mai arha, filin arha kuma yawanci a kwari yake. Duk wanda ke garin nan a 2012 ya ga abin da ambaliyar Binuwai ta yi wa gidajen da ke ƙasa-ƙasa. Har yau ana sayar da irin waɗannan filaye da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi kyau a ido, da takardar hannu mai sa hannun shaidu biyu. Takardar nan ba ta kare mutum a kotu in an sayar da filin sau biyu, banki ma ba ya karɓarta jingina.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin da ke fita kowane wata da sunan gidaje. A takardar albashi akwai layin Crédit Foncier, bankin gidajen da aka kafa a 1977. Ana cire kashi 1 cikin 100 daga ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 1.5 daga nasa aljihun. A albashin 100,000, sefa 1,000 ke nan da 1,500. Kamfani mai mutum 50 a kan wannan albashi yana zuba 125,000 a wata, miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ku tambayi ma'aikatanku mutum nawa suka taɓa shiga ofishin bankin nan. Bashinsa yana buƙatar titre foncier, wato takardar mallakar fili ta hukuma, da izinin gini, da zanen gida tare da ƙiyasin kuɗi, da shaidar albashi mai ɗorewa, da wani kaso da mai nema zai kawo na kansa. Ma'aikacin da ba shi da kwantiragi a rubuce, ake miƙa masa albashi a ambulan ba takarda, ba a yi masa rajista a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, ba, ya faɗi tun a ƙofar farko.

Akwai kuma haƙƙin da doka ta riga ta yanke, wanda ake yawan tsallakewa. Sashe na 66 na dokar ƙwadago ta 1992 ya ce duk ma'aikacin da mai aiki ya ɗauko daga mazauninsa ya kai shi wani gari don aiki, wajibi ne ya ba shi masauki da ya dace da iyalinsa, in babu ya biya shi kuɗin madadin gida, wanda ƙudurin ministan ƙwadago na 1993 ya sa mafi ƙarancinsa kashi 25 cikin 100 na tushen albashi. Wanda aka taso daga Marwa ko Ngaundere aka kawo Garwa, ko aka tura daga Garwa zuwa Figil ko Gider, wannan haƙƙinsa ne. Dabarar da ake yi ita ce a rubuta a kwantiragi cewa a nan garin aka ɗauke shi. Muna roƙon a daina.

Ga abin da muke nema, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Ba mu ce kowa ya gina unguwa ba. Mai ma'aikata goma yana da abin da zai iya, mai ɗari biyar yana da nasa.

Na farko, wanda ya fi kowanne saurin amfani, asusun kuɗin shiga haya, bashi ba ruwa. Kamfani ya ware kuɗi sau ɗaya. Misali 1,800,000 zai shigar da mutum 20 ɗakin 15,000 na wata shida. In ana mayar da 15,000 kowane wata, 300,000 ke dawowa asusun, wanda ya isa a shigar da sababbin mutum uku duk wata. Kuɗin yana juyawa ne, ba ya ƙarewa. Amma akwai wuraren da irin wannan tsari ke lalacewa, kuma an san su. In aka miƙa kuɗin hannun ma'aikaci, wata lalurar za ta riga mai gida, suna ko asibiti ko kuɗin makaranta, shi ya sa kamfani zai biya mai gidan kai tsaye, a karɓi rasit da yarjejeniyar haya mai sunan ma'aikacin. In aka ja biyan bashin zuwa wata goma don a sauƙaƙa, daga wata na bakwai mutum zai haɗa biya biyu, ragowar bashi da sabuwar haya, ya rufta. Gara bashin ya ƙare daidai da ƙarewar watannin da aka biya, sannan a sa a yarjejeniya tun farko cewa daga nan mai gida zai riƙa karɓa wata-wata ta hannun kamfani. Masu gidaje suna yarda da haka, domin abin da suke tsoro shi ne yawon bin bashi. Sannan doka ba ta bari a yanki albashi yadda aka ga dama. Cirewar biyan bashin da mai aiki ya bayar tana buƙatar yardar ma'aikaci a rubuce, a kai ta ga sufetan ƙwadago ya duba, kuma akwai iyakar abin da za a iya cirewa gwargwadon girman albashi. A kai takardun ofishin sufeto kafin a fara, kada sai rigima ta taso.

Saboda wannan iyakar, asusun ya fi tafiya daidai in an haɗa shi da kuɗin gida a cikin albashi. Ma'aikatan gwamnati suna karɓar kashi 20 cikin 100 na tushen albashinsu tun 2008. In kamfani ya bi wannan ma'auni, mai 60,000 zai samu 12,000, saura 3,000 kawai ya cika ɗakin 15,000. A rubuta shi a layinsa daban a takardar albashi. Kuma kada a rage tushen albashi a sa wa ragin suna kuɗin gida, domin a kan tushen ake lissafa ladan daɗewa a aiki.

Batun ruwa a bashi muna so ku ɗauke shi da muhimmanci. Ma'aikata da yawa a garin nan ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da za su mutu a haya, kuma ba a ce musu don me ba. Duk tsarin da bai bar musu ƙofa ba ya ajiye rabin mutanenku a waje. Bashin kamfani ba ruwa, ko adashin gini da akawu zai riƙa cirewa da yardar masu zubi, ko kamfani ya sayi siminti da kwano a sari ya sayar wa ma'aikaci a farashin da aka yanke tun farko ya biya a hankali, duka hanyoyi ne da malamai za su iya dubawa su yi bayani.

Na biyu, takardu. Kwantiragi a rubuce, takardar albashi kowane wata, rajista a CNPS, takardar shaidar aiki a cikin mako ɗaya in an nema. A ɗora wa mutum ɗaya a ofis alhakin haɗa fayil ɗin masu neman bashin gida, kuma a gayyaci jami'an Crédit Foncier su zo harabar kamfani sau ɗaya a shekara su yi bayani da Hausa da Fulatanci. Wannan ba ya cin ko sisi sai lokaci.

Na uku, fili. A nan ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 2010, ta OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da dama har da Kamaru, ta ba mutum biyar damar kafa ƙaramar ƙungiya mai rajista, mutum goma sha biyar su kafa mai majalisar gudanarwa. Ma'aikatan kamfani ɗaya, ko na ƙananan shaguna da yawa a haɗe, za su iya kafa irinta, iyayen gida su ranta mata kuɗin sayen fili babba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In aka bar kashi 30 cikin 100 don hanyoyi, magudanan ruwa, masallaci da rijiyar burtsatse, saura 7,000, filaye 28 masu murabba'in mita 250. Abin da ya fi aminci shi ne a sayi filin da ya riga ya samu titre foncier, a je ofishin ajiyar takardun filaye a tabbatar sunan mai sayarwa ne a kai kuma ba a jinginar da shi ba, a yi cinikin gaban notaire, jami'in da doka ta ba ikon rubuta cinikin fili, mai awon filaye na gwamnati ya kafa duwatsun iyaka, a yanka wa kowa nasa da takardarsa. In filin na ƙasar al'umma ne da ba a taɓa yi wa rajista ba, a sani cewa rajista kai tsaye ta waɗanda suka zauna ko suka noma wurin tun kafin 5 ga Agustan 1974 ce. Wanda ya zo daga baya hanyarsa daban ce, ta neman izinin riƙo na wucin gadi, kuma tana ɗaukar lokaci. Yardar jauro da lawan tana da muhimmanci don zaman lafiya da maƙwabta, a neme ta da ladabi, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma. Kuma kada a biya ko sisi kafin a je a ga filin a watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi. A duba jikin bishiyoyi da katangun maƙwabta, alamar inda ruwa ya tsaya tana nan. A tambayi tsofaffin wurin inda ya kai a 2012. Nisa ma a auna shi da ƙafa: filin da ya wuce tafiyar rabin awa ko keke na minti ashirin daga wurin aiki bai warware matsalar da muka faro da ita ba.

Na huɗu, ga masu ƙarfin gina wa ma'aikata, musamman masu aikin dare da na lokacin auduga. Maginanmu suna roƙon a kula da abubuwa kaɗan da ake yawan yin sakaci da su. Ɗakin mita 4 da 3, tsayi mita 3, yana cin kusan bulo 500 na santimita 15. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 ba. Mai buga bulo da ke fitar da 50 daga buhu ɗaya yashi yake sayar muku, ku murza gefen bulon da yatsa za ku ga yana zuba. A shayar da bulo ruwa safe da yamma aƙalla mako ɗaya, a inuwa, domin ranar Garwa tana busar da shi kafin ya kama. Tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, mai siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ya fi sanyi a ɗaki kuma yana rage siminti, hukumar bunƙasa kayan ginin gida, MIPROMALO, ta daɗe tana koyar da shi, sai dai yana son harsashin dutse ko kankare da ya ɗago aƙalla santimita 40 daga ƙasa, da rufi mai baki da zai kare bango daga feshin ruwa. Inda ƙasa baƙar laka ce, irin wadda ake dasa masakuwa a kanta, tana kumbura da damina ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita. A irin wannan wuri sai an haƙa an wuce lakar ko an cika da tsakuwa, an ɗaure ginin da kankare mai rodi a ƙasa da sama. Katakon rufi a ɗaure shi da rodi a cikin ɗaurin saman, in ba haka ba guguwar farkon damina za ta ɗauke kwanon gaba ɗaya. Ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu ba ya kwantuwa, ma'aikaci zai kwana a waje ya ci cizon sauro. A sa silin, a bar kafar iska tsakaninsa da kwano, taga biyu masu fuskantar juna, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a dasa dalbejiya ta yamma. Masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, na mata daban da na maza. Gidan mai iyali yana son katanga da tsakar gida da wurin girki, in babu su matan aure ba za su zauna ba, ɗakunan su koma na gwauraye. Kowane gida da mitar wutarsa, domin mita ɗaya ga gida goma faɗa ce duk ƙarshen wata. Akawu kuma ya tuna cewa hukumar haraji tana lissafa gidan da kamfani ya bayar a matsayin kashi 15 cikin 100 na albashi, a gaya wa ma'aikaci tun kafin ya shiga don kada ya ga canji a takardarsa ya zaci cuta ce.

Akwai abin da muke tsoro a gidan kamfani, kuma gara mu faɗa. Wanda gidansa ke hannun mai aikinsa yana jin nauyin buɗe baki ko an danne masa haƙƙi, domin ranar da aiki ya ƙare, ranar ce kayansa za su fito titi. Saboda haka muna neman a rubuta cewa wanda ya bar aiki, ko aka sallame shi, yana da wata uku kafin ya tashi, mai 'ya'ya a makaranta a bar shi zuwa ƙarshen shekarar karatu, matar mamaci kuma kada a tashe ta kafin ta gama takaba ta samu inda za ta koma. Wanda ya fara biyan fili ko gida a hankali, abin da ya zuba nasa ne, ko ya ci gaba da biya daga waje ko a mayar masa. Rabon ɗakuna kuma kada a bar shi hannun shugaban leburori ko ɗan'uwan mai gida. A kafe sharuɗɗa a allon sanarwa: lokacin tashi daga aiki, nisan gida, yawan iyali, daɗewa a aiki. Kwamitin rabo ya haɗa da wakilan ma'aikata, waɗanda doka ta wajabta zaɓensu a duk wurin da ke da mutum 20 ko fiye.

Kafin duk wannan ya kankama, masu aikin dare suna buƙatar mota ɗaya da za ta bi unguwanni a lokacin tashi, ko ɗakin kwana mai tsabta da makulli a wurin aiki, na mata daban. Kamfanoni uku da ke layi ɗaya a Jambutu za su iya haɗa kuɗin mota ɗaya.

Muna roƙon kowane mai kamfani ya sa a zagaya da takarda mai tambaya huɗu a cikin wata ɗaya: wace unguwa kake, nawa kake biyan haya, nawa kake kashewa a hanya kowace rana, ƙarfe nawa kake fitowa daga gida. Ba sai an rubuta suna ba. Bayan haka muna neman zama ɗaya da ku kafin damina, a zauren 'yan kasuwa ko a ofishin magajin gari, a gayyato sufetan ƙwadago, da jami'in filaye, da wakilin Crédit Foncier. Mu za mu zo da samfurin yarjejeniyar haya ta mutum uku, mai gida da ma'aikaci da kamfani, da ƙiyasin kuɗin ɗaki ɗaya da na ciki da falo a farashin kasuwar ranar, don a fara da kamfanonin da suka shirya.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon dubawa.

Wassalam.

Naku,
Wasu wakilan ma'aikata, akawu da magina na birnin Garwa